Zazzau da Teku: Waɗanda Suka Riga Mu Ratsa Tsibirai

Muhammadu Bello ɗan Shehu, a cikin Infaƙul Maisuri da ya rubuta a 1812, ya kawo labarin cewa Sarauniya Amina ta yi ta cin ƙasashe har mulkinta ya dangana da teku ta kudu da yamma. Ko dawakinta sun kai ga ruwan gishiri, ko a gaɓar Kwara suka ja linzami, abin lura shi ne tun wancan zamani ana ambaton Zazzau da teku a magana ɗaya. Amma mu da muka tashi a cikin ganuwa, tsakanin Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan, ruwan da muka sani bai wuce Kubanni da Galma da Saye ba, sai kududdufan da aka haƙi ƙasar gini. Daga tashar jirgin ƙasa ta Zariya zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne. Shi ya sa in ana tarihinmu raƙumi ake kawowa, da jaki, da ayarin fatake. Jirgin ruwa kuwa sai a ga kamar kayan wasu ne.

Yanzu ga jirgin ruwan ya biyo mu har cikin waya. Kowa ya ga hoton: farin jirgi kamar unguwa guda, ruwa shuɗi, farin yashi, itatuwan kwakwa sun sunkuya. Masu shirya tafiye-tafiye a manyan biranenmu suna tallarsa, kwana bakwai, tsibiri huɗu ko biyar, ci da sha sai ka ture. Wanda ya ga tallar zai ɗauka wata duniya ce da Bahaushe bai taɓa takawa ba. Tarihi bai yarda da haka ba. Yawancin ruwan da jiragen nan ke shawagi a kai mutanenmu sun riga sun ratsa shi, wasu a ɗaure, wasu da harami, wasu da kaki, wasu da akwatin littattafai. Abin da ya zo mana sabo shi ne mutum ya shiga jirgi don kawai ya huta.

Yadda hutu a teku ya zama sana'a

Ko a Turai ma abin bai daɗe ba. Har ƙarshen ƙarni na 19, jirgin ruwa hanya ce ta isa wani wuri, kuma wahala ce da ake jurewa, ga jiri, ga amai, ga tsoron guguwa. Wani Bajamushe mai suna Albert Ballin, babban jami'i a kamfanin jiragen Hamburg America, shi ya lura cewa da sanyi jiragensa ba sa samun fasinja zuwa Amurka. A 1891 sai ya tura ɗaya daga ciki, Augusta Victoria, yawon Bahar Rum da masu kuɗi, ba don su sauka wani gari su zauna ba, don su zaga su komo. Abin ya karɓu. A 1900 kamfanin ya ƙaddamar da Prinzessin Victoria Luise, jirgi na farko da aka ƙera musamman don wannan yawo, ɗakunansa duka na manya ne. Tsibiran Karebiyan na cikin wuraren da ya fara kai baƙi, kuma a can ya ƙare, don ya hau duwatsu a kusa da Kingston ta Jamaika a Disamban 1906.

Jirgin sama ne ya mayar da abin babbar kasuwa ba tare da niyya ba. Daga 1958 jirage masu injin jet suka fara tsallake Tekun Atlantika cikin sa'o'i, manyan jiragen ruwa suka rasa fasinja. Mafitarsu ita ce su koma sayar da hutu. Birnin Miyami na Amurka ya zama cibiya: Norwegian a 1966, Royal Caribbean a 1968, Carnival a 1972. A 2023 mutane fiye da miliyan 31 ne suka yi irin wannan balaguro a duniya, kuma Karebiyan ce ta fi kowane yanki samun kaso. Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a Janairun 2024, tsawonsa mita 365 ne, hawa ashirin, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600 ban da ma'aikata fiye da 2,000. Mutanen cikinsa sun fi na wasu gundumomin ƙauye yawa.

Abin da wannan kasuwa ke sayarwa shi ne tsibiri wanda ba shi da jiya. Wasu kamfanonin ma hayar wuri suke yi su killace, kamar Labadee da ke arewacin Haiti, wanda aka ba haya tun tsakiyar shekarun 1980, ga shinge tsakaninsa da sauran ƙasar. Baƙo ya sauka, ya yi wanka, ya ci gasasshen nama, ya koma jirgi kafin magariba. To amma tsibiran suna da jiya, kuma akwai mu a ciki.

Waɗanda suka tafi a ɗaure

Tsibiran Karebiyan rake ne ya gina su, raken kuma bayi ne suka nome shi. Masana sun ƙiyasta cewa mutum miliyan 12.5 aka loda a jirage daga gaɓar Afirka, miliyan 10.7 suka sauka da rai. Jamaika kaɗai ta karɓi kimanin miliyan 1. Mafi yawansu daga ƙasashen kusa da teku aka kwaso su, amma tun ƙarshen ƙarni na 18 sunanmu ya fara fitowa a takardun masu gonaki. A yankin da Faransa ke mulka wanda ya zama Haiti a 1804, shekarar da aka fara jihadi a nan, jerin bayin gonaki na ɗauke da mutanen da aka rubuta asalinsu Hausa. Haka ma rajistar bayi ta Tirinidad ta 1813. Har a ƙarni na 20, wata masaniyar harshe 'yar Tirinidad, Maureen Warner-Lewis, ta tarar da tsofaffi a ƙauyukan tsibirin masu tuna kalmomi da waƙoƙin da kakanninsu Hausawa suka bari.

Yaƙe-yaƙen jihadi sun ƙara yawan masu gangarawa. Malam Musa ya ci Zariya a 1808, Sarki Makau ya yi kudu zuwa Zuba, kuma a shekarun da suka biyo baya duk wanda yaƙi ya ci, ko daga wane ɓangare yake, yana iya tsintar kansa a hannun dillali. Hanyar ta bi ta Nufe da ƙasar Yarbawa zuwa Legas, Badagiri, Porto-Novo da Wida. Yawancin waɗannan Bahiya ta Barazil aka kai su, inda Hausawa suka shirya ko suka jagoranci bore a 1807, 1809 da 1814. A babban boren Musulmi na Janairun 1835, cikin watan azumi, Yarbawa ne suka fi yawa, amma da Hausawa a ciki. A ƙarshen shekarun 1840 ƙaramin jakadan Faransa a Bahiya, Francis de Castelnau, ya zauna da bayi 'yan ƙasar Hausa, daga garuruwa irin su Kano da Katsina da Zazzau, yana tambayarsu hanyoyi da koguna da kasuwanni, ya buga abin da suka faɗa masa a 1851. Mutanen da aka raba da gida su suka zana wa Turai taswirar gidan.

A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ba mu kaɗai aka sayar ba, mu ma mun sayar. Zazzau ta ƙarni na 19 ta yi suna wajen kai hari kan al'ummomin da ke kudancinta, rinjojin bayi sun kewaye birni, kuma bayi na cikin gaisuwar da ake kai wa Sakkwato. Wanda ya karanta littafin M. G. Smith kan sarautar Zazzau, ko labarin Baba ta Karo da Mary Smith ta rubuta daga bakinta a 1949 da 1950, ya san wannan ba ƙage ba ne. In wani Bazazzage ya tsaya a gaɓar Jamaika ko Tirinidad yau, mutanen da ke gabansa wasu jikokin 'yan uwansa ne, wasu kuma jikokin waɗanda kakanninsa suka kama.

Waɗanda suka bar suna

Daga cikin dubban da suka tafi, kaɗan ne labarinsu ya tsira, amma kaɗan ɗin sun isa su nuna faɗin abin. Akwai Abubakar, mutumin Gobir, wanda Turawa suka sa wa suna William Pascoe. An kama shi, aka yi ta sayar da shi har ya faɗa jirgin bayi na Fotugal, sojan ruwan Ingila suka tare jirgin, shi kuma ya zama ma'aikacin jirgin yaƙinsu. Shi ne tafintan Hugh Clapperton lokacin da ya taso daga Badagiri a Disamban 1825, ya iso Zariya a Yulin 1826. Wato Bahaushen da ya san aikin jirgin ruwa ya shigo ta ƙofar garin nan shekara ɗari biyu da suka wuce, bayan tafiyar wata bakwai daga bakin teku.

Akwai Abubakar Siddiƙ, haifaffen Tumbuktu, wanda ya rubuta tarihinsa da Larabci a Jamaika. Ya ce sunan mahaifiyarsa Hafsatu, amma ana kiranta da laƙabin Hausa, Nagode. Ya yi kusan shekara talatin yana bauta, har yana riƙe wa ubangidansa lissafin kanti da haruffan Larabci, kafin a 'yanta shi a 1834. Akwai kuma Muhammadu Gardo Baƙuwaƙuwa, ɗan garin Jugu da ke arewacin Benin ta yau, wanda mahaifiyarsa 'yar asalin Katsina ce. An kai shi Barazil wajen 1845, ya yi aiki a jirgin da ke dakon kofi, ya tsere a New York a 1847, ya zauna shekara biyu a Haiti, aka buga tarihinsa a Detroit a 1854. Burinsa har ƙarshen abin da aka sani game da shi shi ne ya koma gida.

Bayan Ingila ta haramta cinikin a 1807, jiragen yaƙinta sun riƙa tare jiragen bayi suna sauke mutanen a Firitawun ta Saliyo. A wurin waɗannan 'yantattu ne J. F. Schön ya fara tattara Hausa har ya buga jerin kalmominta a 1843. Daga baya ya samu Dorugu, yaro ɗan ƙasar Damagaram da ya bi Heinrich Barth a 1855 daga Turabulus, ta tsibirin Malta, zuwa Faransa da Ingila. Labarin tafiyar Dorugu, wanda ya fito a Magana Hausa a 1885, yana cikin tsofaffin rubutun zube na boko da muke da su. Dorugu ya komo, ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa a Kano, ya rasu a 1912. Ashe rubutun bokon da muke karantawa a waya yau ma, wani sashe na asalinsa ta jirgin ruwa ya bi.

Bahar Maliya

Teku na biyu da mutanenmu suka sani shi ne na gabas, kuma shi da ƙafarsu suka nufe shi. Maniyyaci kan bar Zariya ko Kano ya bi ta Borno, Wadai, Darfur da Kurdufan, yana tafe yana noma, yana ƙwadago, wani shekara uku, wani bakwai, wani a hanya zai yi aure ya haihu. Ƙarshen tudu shi ne Sawakin, tsohon gari a kan ɗan tsibiri, gidajensa na dutsen murjani. Nan mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya fi Chadi ba zai tsaya ya ga ruwa har inda ido ya ƙare. Tsakaninsa da Jidda kimanin kilomita 300 ne, a jirgin katako mai tafiya da iska, cike maƙil, bayan zaman killacewa saboda annoba. Da yawa ba su tsallaka ba. Zuriyarsu na nan a Sudan, a garuruwa irin su Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903.

Zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911, ta kan Zariya, ya buɗe wata hanya ga mai hali. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tafi aikin hajji ta Legas: jirgin ruwa zuwa Ingila, inda ya gana da Sarki George na Biyar, sannan wani jirgin zuwa Jidda. Alhassan Ɗantata ma ta ruwa ya yi nasa hajjin a farkon shekarun 1920. Makka ɗaya ce, amma talaka ya iso ta a jirgin katako bayan shekaru, sarki da attajiri sun iso a ɗaki mai gado bayan makonni. Wannan bambanci zai yi ta maimaita kansa.

Kaki

Wanda ya bi ta gaban Defo a Zariya, inda ake horar da kuratan soja tun 1924, ya ga sunan barikin: Chindit. Sunan daga Boma ya zo, kuma ta ruwa aka je aka ɗauko shi.

Tun 1863 John Glover ya kafa ƙaramar runduna a Legas da bayin da suka gudo, aka riƙa kiranta Hausawan Glover, kuma a 1873 aka loda su a jirgi zuwa yaƙin Asante. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, a ƙarshen 1916, an kwashi sojan Najeriya aka zagaya da su ta ƙasan Afirka zuwa Darussalam don yaƙar Jamus. Cikin jiragen da suka yi wannan jigila akwai Mendi na kamfanin Elder Dempster. Bayan 'yan watanni, ranar 21 ga Fabrairun 1917, Mendi ya nutse kusa da gaɓar Ingila da lebura baƙar fata 'yan Afirka ta Kudu, mutum fiye da 600 suka mutu.

A yaƙin Hitila abin ya fi haka girma. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta tashi a 1943, ta zagaya ta Afirka ta Kudu zuwa Bombai, runduna ta 82 ta bi bayanta a 1944. Hausa ce harshen bariki, da ita ake ba da umarni. Samari daga ƙauyukan Zazzau da Katsina da Bauci, waɗanda wasunsu ko kwale-kwale ba su taɓa shiga ba, suka yi makonni a cikin jirgi, a cunkushe a hawan ƙasa, ana kashe fitilu da dare saboda jiragen yaƙi na ƙarƙashin ruwa. Sun tsallake Tekun Indiya, wanda yau ake tallar tsibiransa ga amare da angwaye, suka yi yaƙi a kwarin Kaladan da gaɓar Arakan. Bataliya uku na sojan Najeriya an haɗa su da dakarun Chindit na Janar Wingate a 1944, aka sauke su a bayan layin Japanawa. Sunayen barikokinmu, Chindit a Zariya, Kalapanzin a Kaduna, Arakan da Myohaung da Dodan a Legas, duk wuraren da aka yi wannan gumurzu ne ko rundunonin da suka yi shi. Muna wucewa ta gabansu kullum a kan babur, ba mu tambaya.

Jirgin wasiƙu

Abin da ya fi kusa da balaguron shaƙatawa a tarihinmu shi ne jirgin wasiƙu na Elder Dempster, mai zirga-zirga tsakanin Legas da Libaful. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman suka ziyarci Ingila. A 1943, ana tsakiyar yaƙi, Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a nan Zariya, ya shiga jirgi tare da tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ciki har da Nnamdi Azikiwe. A wannan tafiya ce Azikiwe ya gabatar da takardar neman mulkin kai, Imam ya ƙi sa hannu, kuma a cikinta ya gana da Lugga. Da ya komo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, aka buga a 1944. Mutanen birni da kewaye da yawa a wannan littafi suka fara leƙa cikin jirgin ruwa.

Bayan yaƙi kamfanin ya kawo sababbin jirage uku: Accra a 1947, Apapa a 1948, sai Aureol a 1951, farin jirgi mai ɗaukar fasinja ɗari uku da 'yan kai. Ɗalibi ko ma'aikacin En'e da aka tura kwas zai hau jirgin ƙasa a Zariya har Legas, ya shiga jirgi a Apapa, ya yi kusan mako biyu a ruwa. Ana tsayawa a gaɓar Gana, a Firitawun, sannan a Las Palmas da ke tsibiran Kanari, waɗanda tsuntsun nan kanari da muke kiwo a keji ya samo sunansa daga gare su. A nan fasinja kan sauka na 'yan sa'o'i, su zaga gari, su yi tsaraba. Ga mutanenmu da yawa na wancan zamani, wannan ne tsibiri na farko da suka taka ba da tilas ba.

A cikin jirgin akwai wasanni, akwai kiɗa, akwai cin abinci da cokali mai yatsu bisa ƙa'ida, amma akwai aji. Manyan jami'an mulkin mallaka na sama, masu ƙaramin tikiti na ƙasa, masu gajeriyar tafiya tsakanin tashoshin gaɓa kuma a fili suke kwana da tabarminsu. Jirgin sama ya kashe wannan hanya kamar yadda ya kashe sauran. Aureol ya yi tafiyarsa ta ƙarshe a 1974, wani attajirin Girka ya saye shi, aka sake masa suna Marianna VI, aka kai shi Jidda ya zama masaukin ma'aikata. A 2001 aka farfasa shi a Alang ta Indiya. Tun daga 1974 babu wani jirgin fasinja na yau da kullum tsakanin Najeriya da Turai.

Takarda ce ke zaɓa maka hawa

Yau wanda ke da kuɗin balaguron shaƙatawa daga Zariya sai ya fara hawa jirgin sama, don manyan jiragen ba daga Legas suke tashi ba. In na Karebiyan ne, galibi daga Miyami ko maƙwabtanta ake shiga, wato sai da bizar Amurka, ko da tsibirin da za a je ba ya neman biza a hannun ɗan Najeriya. In na tsibiran Kanari ne, sai da bizar Turai. Kuɗin kuma da dala ne. Tsibiran Kef Bad suna cikin ƙungiyar ECOWAS, amma jiragen da ke zagaya su daga Turai suke ɗauko baƙinsu. A hawan ƙasan jiragen kuwa, inda ake wanki da girki da gyaran inji, 'yan Filifin da Indonesiya da Indiya ne suka fi yawa, suna watanni ba su ga gida ba, a jiragen da aka yi wa rajista a Bahamas ko Panama.

Hanyar Aureol kuma ba ta mutu ba, masu binta ne suka canza. A 2024 mutum fiye da 46,000 ne suka isa tsibiran Kanari a kwale-kwale daga gaɓar Senegal da Muritaniya da Gambiya da Maroko, ban da waɗanda ruwa ya ci. A Nuwamban 2022 masu aikin ceto na Sifaniya suka ɗauki hoton wasu mutum uku a tashar Las Palmas, zaune a kan ƙarfen da ke juya akalar wani jirgin dakon mai, ƙafafunsu na reto dab da ruwa. Daga Legas jirgin ya taso, kwana 11 suka yi a wurin. Tashar da ɗalibanmu suka sauka suna sayen tsaraba a 1955 ke nan, kuma ita ce manyan jiragen shaƙatawa ke tsayawa a cikinta duk lokacin sanyi.

Hatta hoton tsibirin da ke zuwa wayarmu ta wannan gaɓa yake biyowa. Wayar intanet ta MainOne, mai tsawon kilomita 7,000, an shimfiɗa ta a ƙarƙashin teku daga Fotugal zuwa Legas a 2010. Ranar 14 ga Maris 2024, da ita da wasu wayoyin suka katse a kusa da gaɓar Kwaddibuwa, bankuna da masu sana'a har nan Arewa suka ji a jikinsu. Garin da ba ya ganin teku, ranar ya san yana rataye da shi.

Abin da ya rage mana

Babu laifi ga wanda Allah ya hore wa ya je ya huta. Bayan ƙarni biyu ana loda mu a jirgi don buƙatar wasu, mutum ya biya kuɗinsa ya zaɓi ɗakinsa ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai in ya je, ya tsallake shingen. A Kingston, a Port of Spain, a Bridgetown akwai gidajen tarihi, akwai masallatai, akwai mutanen da ke neman sanin daga ina kakanninsu suka fito. Sa'a biyu a can ta fi yini guda a kan yashi.

Mu da ba za mu je ba kuma, aikinmu na nan gida. Masana sun haɗa rumbun bayanai na tafiye-tafiyen jiragen bayi kimanin 36,000, ana iya buɗe shi kyauta a waya da sunan SlaveVoyages. A cikinsa akwai sunayen mutum fiye da 90,000 da aka kuɓutar daga jirage, waɗanda akawuna a Firitawun da Havana suka rubuta yadda kunnensu ya ji. Mu masu sana'ar rubuta manhaja mun san cewa kwamfuta na iya jera suna, amma ba ta san wane ne na Bagobiri ba, wane ne na Banufe, wane ne laƙabin da uwa ke kiran ɗan fari da shi. Wannan sai kunnen ɗan gida, kuma an daɗe ana neman masu irin wannan kunne.

Na kusa ma ya fi gaggawa. Sojan Boma kusan duk sun tafi, haka alhazan da suka tsallaka daga Sawakin. 'Ya'yansu ne suka rage, su ma sun manyanta, suna nan a zaurukan Kwarbai da Anguwan Juma da Limancin Kona. A wasu gidajen akwai lambar yaƙi a cikin adaka, akwai tsohon fasfon hajji, akwai hoton wani kawu da kwat a jikin jirgi. Wayar da ke nuna mana tsibirai tana ɗaukar murya. A je a gaishe su, a zauna, a tambayi abu uku: sunan jirgin, tashar da aka shiga, da shekarar. Da waɗannan ukun ana iya bin sawun mutum a Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna ko a Arewa House, a gano da wa ya tafi, ina ya tsaya, da kuma ko ya komo.